Tsohon Soja da Jarumin Fim

Jika ya kunna wa kakansa, tsohon sojan yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu), wani fim ɗin yaƙi na Amurka, Iya kuma tana gefe tana ɓarar gyaɗa.

TSOHON SOJA: Kai abokina, wannan bindigar tasa rijiya ce? Tun da aka idar da sallar la'asar yake harbi, ban ga ya tsaya ya yi ɗuri ba, alhali wadda Turawan Ingila suka ba mu harsashi 10 take ci, daga nan sai ka durƙusa kana lalube a jaka kana salati.

JIKA: Ai shi ne jarumin, Kaka. Ba ka ga sun harbe shi a kafaɗa ba, amma ko gezau bai yi ba?

TSOHON SOJA: Na gani, kuma na ga sumarsa a kwance kamar ta ango. Mu da muka shiga kwarin Kaladan a 1944, ruwan sama da sauro da matsattsaku sun gama da mu tun kafin mu haɗa ido da sojan Japan, kaya kuwa a ka muke ɗauka, abinci sai jirgin sama ya jefo mana da laima. Shi wannan, yaushe yake cin tuwo, yaushe kuma yake zagayawa?

JIKA: Yi shiru, ga amininsa nan zai cika.

TSOHON SOJA: Wannan ba zai cika yanzu ba, domin mutumin da ya sami numfashin yin wasiyya har da gaisuwa ga surukai, asibiti ya kamata a kai shi, ba a tsaya ana busa masa algaita ba.

JIKA: To amma Kaka, ba kai ne ka gaya mana bara cewa kai kaɗai ka kama sojojin Japan 40 a dare ɗaya ba?

TSOHON SOJA: Wannan tarihi ne, ba fim ba ne.

IYA: Malam, a ji tsoron Allah. Lokacin da ka zo neman aurena uku ka ce wa mahaifina, kuma ka ce biyu daga ciki barci suke yi.

TSOHON SOJA: Haba uwargida! Shekara saba'in da ɗoriya fa ke nan. Ko awaki uku aka ba ki kiwo tun daga lokacin, ai da yanzu sun wuce 40.