Ni da makaɗan Turawa a Shikago

Wlh jin an ce kyauta ne ya ja ni. Wani abokin aikina ne ya ce min duk lokacin zafi ana kiɗa a filin Millennium Park da ke tsakiyar Shikago, Grant Park Music Festival suke ce masa, tun 1935 ake yi kuma in a ciyawa za ka zauna ko sisi ba ka biya. Na zumbula babbar riga a zafin Yulin nan, na canjo 'yan dala ɗaiɗaiku na cika aljihu saboda liƙi.

Muna zuwa na ga kowa ya shimfiɗa bargo ya baje abinci, makaɗa kuma jingim a kan dandali, masu goge kaɗai sun fi ƙarfin ƙirga. Sai wani mai busa ya ja sauti ɗaya, sauran suka bi shi kowa da nasa, ni kuwa na fara gyaɗa kai ina cewa kai wannan da daɗi. Abokina ya taɓo ni ya ce Malam saita kaya suke, ba a fara ba tukuna.

Kiɗan farko na wani Ba'amurke mai tsara kiɗa ne, Aaron Copland, wanda ya rubuta a 1942 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ba goge ko ɗaya, ganguna ne da kayan busa zalla. Jama'a sai ka ce kakakin sarki ranar hawan sallah, ban san lokacin da na ce ranka ya daɗe ba, alhali wai don talaka mutumin ya yi shi. Na miƙe da dalolina na nufi dandali, mai tsaro ya tare ni cikin ladabi yana tambaya ko banɗaki nake nema.

Sai kiɗan wani Ba'amurken, George Gershwin, na 1924, mai fiyano yana ta abinsa shi kaɗai can ya ɗan tsaya, ni kuma na kwashe da tafi raf raf raf har da kirari, ashe numfashi ya ja. Dubban mutane shiru, wata tsohuwa ta zare gilashinta tana kallona, abokina kuwa ya ja bargonsa gefe wai bai san ni ba.

Da aka gama na gaske kowa ya miƙe ana ta tafi, ni na harɗe hannu na ƙi, sai tsohuwar nan ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce yaro yanzu ne.