Ni da Buhun Gero a Keken Jarirai

Sana'ata gyaran keke da baro, don haka da matata ta ce tana son keken tura jarirai saboda Nana, ban nemi shawarar kowa ba. Duk abin da ke da taya da birki, na san inda yake mutuwa a garin Sakkwato. Sharaɗinta ɗaya, ya zama ruwan hoda. Inna kuwa cewa ta yi ta goya mu bakwai da zane da majanyi, ba ta taɓa zuwa wurin mai faci ba.

Nana watanta uku, ba a kai irinta kasuwa cikin ranar Afrilu. Sai na ɗebi gero a rumbun Inna, na auna kilo 12, kusan nauyin ɗan shekara biyu, na ɗaure a ƙaramin buhu. Keke na shekaru ake saye, kuma ba a sanin halinsa sai da kaya a ciki.

Mai shagon farko a Babbar Kasuwa ya fito mini da irin marar nauyin nan mai naɗewa tsaye. Na taɓa majinginar, ba ta kwanciya. Jaririn da bai kai wata shida ba wuyansa bai yi ƙwari ba, in aka zaunar da shi kai zai rinjaya gaba, haɓa ta danne ƙirji, numfashi ya takura. Nasa keken dole ya shimfiɗe sosai. Mutumin ya ce, "Alhaji, ai sai a tokare shi da matashi." Na ce matashin kansa shi ke toshe hancin jinjiri. Ya dubi buhuna, ya dube ni, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Na biyu ya fito da ruwan hodar kanta, har da zanen zomo. Kyau kam ba a magana. Tayoyin ne 'yan mitsi-mitsi na filastik, faɗinsu bai kai santimita 15 ba, an yi su ne don daɓen tayil. A yashin Mabera ba za su yi taku goma ba sun nutse, uwar yaro ta koma ja da baya. Duk da haka na kwantar da buhuna, na ɗaure shi da bel. Bel ɗin kirki madauri biyar gare shi, biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu, shi ne ke hana yaro zamewa ta ƙasa. Wannan uku ne kawai. Na taka birki a gangaren bakin shago, taya ɗaya ta tsaya, ɗayar ta ci gaba da harkarta, keken ya juya yana kallona. Sannan na rataya jakata a hannun turawa, domin haka mata ke yi ko an hana su. Gaba ya tashi sama, buhu ya sulluɓe ya faɗi tim. Mai shago ya saki salati ya rungumo shi kafin ya tuna gero ne.

A wurin 'yan gwanjo na dace. Tayoyin baya manya, santimita 28, roba ce cikakkiya ba ta iska ba. Ta iska ta fi laushi a hanya, amma tsidau ba ya jin tausayinta, kuma na fi kowa sanin kuɗin da masu faci ke samu. Tayoyin gaba suna juyawa, suna kuma da makullin tsayar da su su miƙe, wanda shi ake so in an shiga yashi. Birki feda ɗaya, yana kama bayan duka biyu. Gwanjo sai da bincike: na duba walda ko ta tsage, na girgiza gaɓoɓin naɗewa, na danna keken da ƙarfi in ga ko makullin zai saki ya naɗe da yaro a ciki, na ja ƙugiyar bel domin filastik in ya sha rana karyewa yake yi. A ƙarƙashin kujera akwai tambarin nauyi, yawanci kilo 15 ko 22, wannan 22 ne. Na auna faɗinsa da igiyar da na gwada ƙofar zaurenmu, ya shiga da saura. Launinsa kuwa toka-toka.

Mai keke napep ya ce sai na biya kuɗin mutum uku, ni da keke da buhu. Na ce ai abin da na saya ma keke ne. Na kwantar da gero, na ɗaure shi da madauri biyar, na buɗe rumfa, na saki ragar sauro. Ban lulluɓe shi da zane ba, domin zane yana tare iska, zafi ya taru a ciki fiye da na waje, kuma na ƙudurta in yi wa buhun duk abin da zan yi wa Nana.

Na shigo unguwa sai wata tsohuwa ta tare ni. "Barka da arziki, ɗana. Mace ko namiji?" Na ce, "Gero ne, Iya." Ta ce, "Yero? Allah ya raya Yero. Wanga yaro akwai haƙuri, ko motsi ba ya yi." Na ɗaga murya na maimaita, ta ce ta ji, sunan kakanta ne. Ta tambayi gidanmu, na kwatanta mata.

Ashe faɗuwar da buhun ya yi ta huda shi. Tun daga kasuwa yake tsiyaya, kaji na tsinta, awaki na biye. Wata jar akuya ta gaji da tsintar ƙasa, ta cusa kai ƙarƙashin raga. Wata mata ta ƙwalla ihu, akuya za ta cinye jariri. Kafin in buɗe baki masu kabu-kabu sun yi fakin, mai shayi ya fito da ludayi, wani dattijo yana faɗa mini abin da ya dace a yi wa uba irina. Ni dai na taka birki na tsaya kallo, domin akuyar ta ɗora ƙafafunta biyu tana turawa, keken bai gusa ba, bai kuma kife ba. Gwajin da ban samu yi a shago ba ke nan. Wani saurayi ya yi ta maza ya ɗaga ragar, aka yi cirko-cirko, sannan dattijon ya tambaye ni ko ina shan magani.

A gida matata ta zagaya keken ta ce, "Baban Nana, wannan ne ruwan hodar?" Na shiga yi mata bayanin cewa kada ta shafa giris a aksil, ƙura ke mannewa ta cinye shi, ta dai riƙa cire zare da gashin da ke naɗewa a gindin taya. Inna ba ta saurare mu ba, tana can tana auna geronta, ta ce kwano guda ya yi ƙafa.

Washegari bayan la'asar tsohuwar nan ta yi sallama da sabulu biyu a leda, ta ce ta zo ganin Yero. Aka miƙo mata Nana, ta ce ba wannan ba, namijin, mai ƙiba. Matata ta karɓi sabulun, ta yi godiya, ta raka ta har zaure, sannan ta dawo ta rufe ƙofa ta ce in zauna in gaya mata wace ce uwar Yero.