Ƙwallon da Ya Fi Ƙarfin Hannuna

Shekara biyu na yi ina wasan bolin, wanda ake gangara ƙwallo a kan dogon layin katako don a kayar da kwalabe goma, da ƙwallon aro, irin waɗanda ake jerawa a kan kanta a gidan wasa, kowa ya zo ya zura yatsunsa ya gwada. Nawa wani kore ne mai laba 12, ramin babban yatsansa har da ɗan ɓalli a gefe. Mun saba da juna. In na jefa shi yakan tafi tsaye sak kamar ɗan aike mai jin magana, ya ture kwalabe bakwai ko takwas cikin goman nan, injin ya dawo mini da shi. Makina ba ya wuce 110 ko 120 a wasan da ƙarshen makinsa 300 ne, amma cikin mu huɗu da ke haɗuwa duk mako ni ne na biyu, kuma raina a kwance yake.

Wani siririn yaro ne ya tayar mini da hankali. A layin da ke kusa da namu yake wasa shi kaɗai. Ya saki ƙwallonsa ya nufi kwata kai tsaye, har na buɗe baki zan ce masa sannu, sai na ga ƙwallon ya yi kamar ya tuna ya manta wani abu a gida. Ya yi kwana a gaɓar kwatar, ya dawo a guje ya shige tsakanin kwalba ta 1 da ta 3, wato ta gaba da wadda ke bayanta ta dama. Ƙarar ma daban ce. Kwalabe goma suka watse kamar an jefa dutse cikin garken kaji. Ya sake, ya kuma sakewa. Na dubi hannun yaron, bai kai kaurin nawa ba. Na dubi ƙwallonsa, yana ta sheƙi da launi uku a cakuɗe. Nan take na yanke hukunci: sirrin a ƙwallon yake.

Mako biyu na yi ba na barci da wuri. Uwargida ta farka cikin dare ta same ni ina kallon bidiyon ƙwallo yana birgima a hankali, ta ce, “Maigida, lafiya kuwa?” Na ce mata bincike nake. Kuma gaskiya na ƙaru, ko da yake ƙaruwar ce ta kai ni ta baro. Na gano cewa da can da wani katako mai tauri ake sassaƙa ƙwallon, sannan aka koma roba a 1905, daga baya filastik ya shigo. A farkon shekarun 1980 aka kawo fatar yuretan mai kama katako, a farkon shekarun 1990 kuma aka fito da wadda ake kira riyaktif, mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, tana tsotse man da ake shafa wa layi. Na gano cewa a cikin kowane ƙwallo mai tsada akwai wani ƙodago mai nauyi, wani an daidaita shi ta kowane gefe, wani kuma da gangan aka yi shi a karkace don ya riƙa fizgar ƙwallon. Na haddace wani ma'auni wai shi RG, wanda doka ta ce ya tsaya tsakanin 2.46 da 2.80, da wani ɗan'uwansa difarenshal da ba a yarda ya wuce 0.060 ba. Me suke nufi a aikace? Wannan ban tsaya a kansa ba. Ni dai na san in lamba tana da iyaka, to a ba ni wadda ta fi kusa da iyakar.

Da takarda a hannu na shiga wurin mai huda ƙwallo. Dattijo ne mai gilashi a kan karan hanci, yana goge wani ƙwallo da tsumma. Na gaishe shi, na karanto masa buƙatata kamar mai karanta ƙara a gaban alƙali: laba 16, fata riyaktif marar sheƙi, ƙodago karkatacce, difarenshal mafi girma.

Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, “Malam, nawa kake ci a wasa?”

Na ce, “Baba, ai makin nan ƙwallon aro ne yake danne shi.”

“Na ji. Nawa ne?”

Na ƙara wa kaina ashirin na ce 140.

Bai ce komai ba. Ya ajiye tsumma ya ce mu je layi ya ga jifata. Na ɗauko korena na jefa sau uku yana tsaye a bayana, hannuwansa a baya. Na farko ya ci shida, na biyu ya ci bakwai, na uku kuwa kada ma a tayar da maganar. Muna dawowa ya ce, “Ƙwallonka ba ya juyawa ta gefe ko kaɗan, kuma tafiyarsa a hankali take. Wanda ka rubuto a takardar nan na masu ƙarfin jifa ne a layi mai mai da yawa. Kai laba 14 ya dace da kai, mai ƙodago daidaitacce, fata mai sheƙi. Ka koyi sakin hannu da shi tukuna.”

Raina ya ɓaci. Wato ni za a ba ƙwallon 'yan koyo? Na tuna masa cewa 16 ne iyakar abin da doka ta yarda, kilo bakwai da ɗoriya, kuma ni ba yaro ba ne. Ya ce yawancin ƙwararrun da nake kallo a bidiyo ma 15 suke jefawa. Muka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a 15, amma fata da ƙodago na ƙi sassautawa ko kaɗan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “To, Allah ya sa albarka.” Yadda ya faɗe ta, da ina da kunne da na ji wanda bai ji bari ba zai ji hoho a cikinta.

Awon hannu kuwa abin kallo ne. Ya ɗora tafina a kan wani ƙwallon gwaji mai ramuka da yawa, ya lanƙwasa babban yatsana baya don ya ga laushin gaɓar, ya auna tazarar da ke tsakaninsa da yatsan tsakiya da na zobe, yana rubutawa a kati kamar tela. Ya tambaye ni wane riƙo nake so. A ƙwallon aro yatsu biyun nan suna shiga har gaɓa ta biyu, amma masu lanƙwasa ƙwallo kan yatsa kawai suke sakawa, iyakar gaɓar farko, don yatsun su ɗebo ƙwallon su murza shi bayan babban yatsa ya fita. Ba sai na faɗa muku wanda na zaɓa ba.

Ranar da na karɓo shi na sayi jaka mai taya, da tawul na musamman, da ruwan goge fata. Na aika wa abokaina hotonsa da saƙo cewa kowa ya zo da shirin kuka.

Mun fara wasa da dare, bayan mutane sun wuni suna jifa a layin. Wannan yana da muhimmanci, amma a lokacin ban sani ba. Na fito da ƙwallon a hankali, na goge shi duk da cewa ko ƙura babu a jikinsa. Abokina da ke gaba da ni a maki ya ce, “Mutumina, wannan ai sai a saka shi a falo.” Na ce ya jira.

Jifa ta farko, na taka taku huɗu, na kaɗa hannu baya, sai na ji hannun ya yi sakayau. Ƙwallon ya zame daga kan yatsuna ya faɗi a bayana, dim! Ya gangara wajen kujeru, abokaina uku suka ɗage ƙafafu a tare kamar an yi musu horo. Wanda ya saba riƙe laba 12 da rabin yatsunsa, yau an ba shi 15 a kan farce.

Tunda bai tsallake layin laifi ba, wato iyakar da ba a yarda ƙafar mai jifa ta wuce ba, ba a ƙirga ba. Na ɗauko shi, wannan karon na matse shi da babban yatsa kamar na kama ɓarawo. Sai ya ƙi sakina. Hannuna ya wuce ƙasa ya yi sama da ƙwallon a manne, ya fita da wata ƙara, fut, ya tashi sama ya dira a tsakiyar layi da tsawar da ta sa ma'aikacin wurin ya leƙo daga bayan kanta. Kwalba ɗaya ta faɗi. Ina zargin tsoro ne ya kayar da ita.

A zagaye na uku ne na samu ya fita lafiya, har na ɗan murza wuyan hannu yadda na gani a bidiyo. Kuma wallahi ya yi kwana! Matsalar ita ce bai jira ya isa inda ake kwanar ba. Tun daga rabin hanya ya kama katako, ya juya hagu, ya ratsa layin gaba ɗaya ta gaban kwalabe goma ba tare da ya gaishe da ko ɗaya ba, ya faɗa kwatar hagu. Na koma dama, ya faɗa kwatar hagu. Na koma hagu na jefa dama, ya je ya dawo ya faɗa kwatar hagu. Da alama akwai wani nasa a can.

Daga baya Baba ya zana mini dalilin a bayan kati. Daga layin laifi zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, faɗin layin kuma katako 39 a jere. Ana shafa mai a kusan ƙafa 40 na farko, da yawa a tsakiya, kaɗan a gefe, sauran ƙarshen a bar shi a bushe. Ƙwallo yana sulɓewa a kan man, in ya iso busasshen wuri ya kama ya yi kwana, sannan ya miƙe yana birgima zuwa cikin kwalabe. To ni na kawo ƙwallo mai ƙishirwa, na jefa shi a hankali, a layin da ƙwallayen wuni guda suka riga suka lashe mansa. Duk ƙarfin da ya kamata ya ajiye wa kwalabe ya ƙarar da shi tun a hanya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwalba ta 10, wadda ke tsaye a kusurwar dama ta baya. Sau uku tana rage mini ita kaɗai. Don a same ta sai an jefa ƙwallo a miƙe, ni kuwa na biya kuɗi ne musamman don in samu ƙwallon da ba ya miƙewa. Yana dosarta sai ya kauce kamar mai bin sa bashi ce. Siririn yaron nan yana layinsa, ya kasa daurewa ya matso ya ce, “Yaya, don safaya ai filastik ake amfani da shi.” Safaya ita ce kwashe ragowar kwalabe a jifa ta biyu. Ya buɗe jakarsa ya nuna mini ƙwallo na biyu. Na ce wane iri ne filastik ɗin? Ya nuna kantar ƙwallayen aro, inda korena yake zaune yana kallona.

Ya nemi izini ya ɗauki nawa. Ramukan ba awon hannunsa ba ne, don haka bai ma saka babban yatsa ba. Ya zura yatsu biyu, ya tallabe shi da ɗaya hannun irin jifar da Jason Belmonte ɗan Ostareliya ya yi suna da ita, ya tsaya can hagu ya wurga shi ta tsakiya inda sauran mai yake. Ƙwallon nan da ya wuni yana wulaƙanta ni ya sulale, ya yi kwana a daidai wurin, ya share kwalabe goma tas. Yaron ya miƙo mini shi ya ce, “Kai, ƙwallonka yana da kyau sosai.” Na ce na gode. Me zan ce?

Wasan farko na tashi da 74. A na biyu, abokinmu da ya fi kowa rashin iyawa, wanda ke jefa wani ruwan hoda mai laba 10 da aka tanada don yara, ya share kwalabe sau uku a jere. Sunan wannan a wasan talo-talo, kuma allon maki ya fito da hoton talo-talo yana rawa. Shi ma ya tashi ya taya shi.

Washegari na koma wurin Baba da kumburarren yatsa. Bai ce ai na faɗa maka ba, abin da ya fi zagi zafi. Ya liƙa ɗan tef a cikin ramin babban yatsa don in daina matsewa, ya ɗora ƙwallon a injin juyi ya bi fatar da soso mai lamba 4000, ya sa mata man sheƙi don ta daina kama katako da wuri. Ya ce in daina kallon kwalabe, in kalli kibiya ta biyu daga dama cikin kibau bakwai da aka zana a layi, in saki hannu kamar zan yi musabaha da wani.

Mako uku ina musabaha da iska. Ranar haɗuwarmu ta huɗu, a zagaye na tara, komai ya zo daidai. Babban yatsa ya fita salin-alin, yatsu biyu suka ɗebo, ƙwallon ya bi ta kan kibiya ta biyu, ya sulale har gaɓar kwata, ya tsaya kamar mai tunani, ya juyo. Tsakanin 1 da 3. Ƙarar nan da na yi wata biyu ina mafarkinta ta tashi, kwalba ta 10 ma ta kwanta. Na daka tsalle na juyo da hannuwa a sama, ina neman idon Baba da ke tsaye a ƙofar shagonsa.

Sai na lura babu wanda ke tafi, kuma akwai wata ƙara da ke ta tsiwa, biiii. Na dubi ƙasa. Takalmina na hagu ya zarce layin laifi da kamar inci biyu. Allon ya rubuta F, alamar laifi, inda nake jiran X, alamar share kwalabe goma, injin ya sauko ya sake jera kwalabe goma sababbi fil kamar ba a taɓa yin komai ba.

Saura jifa ɗaya a zagayen. Ƙwallona ya dawo ta bututu ya tsaya kusa da koren, wanda wani ya ɗauko ya bari a wurin. Na daɗe ina kallonsu. Abokina ya ce, “Mutumina, dare fa yana yi.” Na ɗauki koren, na ci takwas.