Wasiƙar da fim ya karanta sau ɗaya

A jakar makarantar 'yata littafin Pride and Prejudice ya shigo gidanmu. Shi aka zaɓa musu a darasin adabi na jarrabawar GCSE ta 'yan sakandare a Ingila, ita kuwa shafi goma ta yi ta ɗora shi a kan firij, ta ce Turancin ya tsufa, gara ta kalli fim. Ni na ɗauka. A Kano na tashi, zamanin da ake hayar littafin soyayya a shago, a kwana ana karatu a mayar da safe kafin kuɗin ya ƙaru, don haka ba na iya ganin littafi a yashe in wuce. Na jefa shi a jakar aiki, na riƙa bin sa a lokacin hutun aikin dare a nan Sheffield, yau babi biyu gobe uku, har na cinye babi 61 ɗin cikin mako uku. Littafi ne da ya fito a 1813, na Jane Austen, matar da hotonta ke jikin takardar fam 10 tun 2017. Daga baya muka zauna ni da 'yar tawa muka kalli fim ɗin 2005, wanda Joe Wright ya ba da umarni, Keira Knightley ta fito a Elizabeth, ta biyu cikin 'yan mata biyar na gidan Bennet, Matthew Macfadyen kuma a Darcy, attajirin da ke son ta.

Fim ɗin ya yi kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Hasken safiya a kan ciyawa, kiɗan fiyano, hayaniyar 'yan mata biyar a gida ɗaya suna leƙe ta bayan ƙofa, duk sun shiga raina. Amma da aka gama sai na ji kamar an ajiye mini miya mai ƙamshi an manta da tuwon. Na kwana biyu ina neman abin da ya ɓace, sai na same shi a babi na 35 da na 36.

Ga yadda abin yake a littafi. Darcy ya zo ya sami Elizabeth ita kaɗai a falon gidan limamin coci a Hunsford, tana fama da ciwon kai. Ya zauna, ya tashi, ya yi ta kai-kawo, sannan ya buɗe baki ya nemi aurenta, amma rabin maganarsa a kan ƙasƙancin danginta ne da yadda ya yi ta yaƙi da zuciyarsa. Ta ƙi shi, ta kuma jefe shi da laifi biyu: ya raba yayarta Jane da abokinsa Bingley da ke son ta, ya kuma zalunci Wickham, wani soja mai daɗin baki da suka tashi tare da Darcy. Washegari da safe ya tare ta a hanya ya miƙa mata wasiƙa mai amsa zarge-zargen nan biyu, ya juya. Takarda biyu ce cike da ƙananan rubutu, har jikin ambulan ɗin ya rubuce. Kusan babi guda marubuciyar ta ba wasiƙar nan, sannan ta ba da wani babin sukutum ga karatunta. Elizabeth ta fara karantawa da fushi, ta ninke ta ce ba za ta sake kallonta ba, ba a yi rabin minti ba ta sake buɗewa. Awa biyu tana yawo a kan hanya tana auna kowace jimla. Ta tuna ashe Wickham a daren farko da suka zauna ya kwashe sirrinsa ya zuba mata, ita baƙuwa. Ta tuna ya ce ba ya tsoron haɗuwa da Darcy, amma ranar liyafar rawa ta Netherfield, gidan da Bingley ke zaune, ba a ga ƙeyarsa ba. Ta tuna sai da Darcy ya bar gari sannan ya fara yaɗa labarin ko'ina. Da kaɗan-kaɗan ta gane cewa ita mai taƙama da sanin mutane, yabon da Wickham ya yi mata da shariyar Darcy ne suka rufe mata ido. Kunya ta kama ta, kunyar kanta da kanta, babu kowa a wurin.

A nan soyayyar ta fara tsiro. Yarinya ta zauna ta yi wa kanta shari'a, ta sami kanta da laifi, ta karɓa.

A fim fa? An fitar da neman auren daga falo an kai shi cikin ruwan sama, a gindin wani gini mai ginshiƙai a lambun Stourhead. Suna faɗa fuskokinsu na matsowa, har mai kallo ya ɗauka za su sumbaci juna. Tun daga nan an riga an faɗa maka tana son sa, bakinta ne kawai ke musu. Wasiƙar kuwa da dare ya kawo ya ajiye, muka ji muryarsa tana karanto guntunta yana sukuwa a kan doki, cikin ɗan lokaci an wuce wurin. Sau ɗaya aka karanta ta. Wadda a littafi sai da ta kusa haddace ta.

Wataƙila abin ya fi yi mini ciwo ne saboda na san mece ce wasiƙa. Mu da muka yi 'yanmatanci kafin wayar hannu, zance a zaure ake yi, ƙanwarki na zaune a gefe, kanki a sunkuye kina wasa da bakin mayafi. Rabin abin da aka faɗa gaisuwa ce. Maganar gaske a takarda take zuwa, ta hannun yaron maƙwabta, a ɓoye ta cikin littafin Islamiyya ko ƙarƙashin katifa, a yi ta buɗewa ana ninkewa har wurin ninkin ya yage. A karatu na farko zuciya ce ke bugawa, ba a fahimtar komai. Sai a na biyar ko na goma ake gane mutum ne mai hankali ko mai daɗin baki. Mutanen Jane Austen ma haka suke: akwai kunya, akwai kawaici, namiji da mace ba su cika samun keɓewa ba, komai sai an auna. Shi ya sa na ji littafin da aka rubuta a ƙauyen Ingila shekara 200 da suka wuce ya fi kusa da zauren gidanmu fiye da fim ɗin da aka yi jiya-jiya. Mu ma a gida mun sha ganin irin haka, inda marubuciya za ta yi shafi uku tana zancen zuci, mai fim ya rasa yadda zai yi da shi sai ya sa waƙa a gurbinsa. Joe Wright bai sa waƙa ba, ya sa ruwan sama da hazo da hannun Darcy da ke miƙewa bayan ya taimaka mata ta hau keken doki. Dabara ɗaya ce.

Akwai wurin da fim ɗin ya fi littafin adalci, kuma dole in faɗa. Uwar 'yan matan, Misis Bennet, a littafi abar dariya ce, mai surutu da ƙorafin jijiyoyinta. Brenda Blethyn ta fito da ita a matsayin mace mai fargaba. Kuma tana da dalili. Gidansu na Longbourn da gonakinsa suna kawo fam 2,000 a shekara, amma an ɗaure su da sharaɗin cewa namiji kaɗai ke gada. Ranar da maigidan ya rufe ido, wani ɗan'uwansa na nesa, Collins, shi zai kwashe komai, uwa da 'ya'yanta biyar su nemi inda za su raɓa. Collins da bakinsa ya lissafa wa Elizabeth rabonta: fam 1,000 bayan rasuwar uwarta, wanda ribarsa fam 40 ce a shekara. Darcy kuwa fam 10,000 ke shigo masa. Da na karanta wannan sai na ajiye littafin na yi shiru. A shari'armu, a Suratun Nisa'i, waɗannan 'yan mata kashi biyu cikin uku na dukiyar ubansu za su raba, uwarsu ta ɗauki tumuninta. Ina da gwaggo mai 'ya'ya mata shida ba namiji, na san yadda take kasa barci idan an ce wance ta yi miji, ita kuwa tata babbar na zaune. To ina ga wadda ko ɗakin kwana ba za a bar mata ba? Haka nan Charlotte, ƙawar Elizabeth, mai shekara 27 da ta amince ta auri Collins ba don so ba. Fim ya ba ta baki ta tsaya ta ce tsoro take ji, ta zama nauyi a kan iyayenta, kada a yanke mata hukunci. Wannan wurin ya sa ni hawaye.

Sai dai abin da fim ya ba uwa, ya wuce gona da iri wajen ba uba. Donald Sutherland dattijo ne mai taushi, mai murmushi, har ka ji kana so ya zama kakanka. Mista Bennet na littafi mutum ne da ya auri mace don kyanta, da ya gane ba ta da zurfin tunani sai ya shige ɗakin karatunsa ya mayar da ita abin nishaɗi a gaban 'ya'yanta. Fiye da shekara 20 bai ajiye ko sisi ba, yana jiran ɗa namiji da bai zo ba. Elizabeth ta roƙe shi kada ya bar autarsu Lydia, yarinya 'yar shekara 15, ta tafi Brighton inda sojoji suke, ya bar ta don ya sami kwanciyar hankali a gida. Daga can ta gudu da Wickham, abin da ya kusa zubar da mutuncin gidan gaba ɗaya. Idan aka wanke uban nan, an cire dalilin da ya sa Elizabeth ke tsoron auren wanda ba za ta girmama ba. A gidansu ta ga irin wannan auren, kullum, a kan teburin cin abinci.

Ranar wata Asabar muka hau bas muka je Chatsworth a Derbyshire, gidan da aka yi amfani da shi a matsayin Pemberley, gidan Darcy. Ba shi da nisa da mu. Muka ga mutum-mutumin nan na mace mai lulluɓi da Elizabeth ta tsaya tana kallo a fim, an sassaƙa shi da farin dutse amma ka rantse mayafin zai motsa idan ka hura. Muna tsaye 'yata ta ce, "Umma, ai ko ni na ga gidan nan sai na canja ra'ayi. Gidan ta gani ta so shi." Ban ga laifinta ba, abin da fim ya nuna mata ke nan: dukiya, gumaka, da sassaƙen fuskar kyakkyawan saurayi. A littafi abin da ya girgiza Elizabeth a gidan nan bakin wata dattijuwa ne, mai kula da gidan, wadda ta ce tun yana ɗan shekara 4 ta san shi, bai taɓa yi mata magana mai zafi ba, kuma duk masu noma a gonakinsa da masu yi masa aiki shaidar alheri suke yi masa. Na ce mata, "Wannan shi ne binciken da ake yi kafin a ba da 'ya. Ba a tambayar abokinsa, ana tambayar wanda ke ƙarƙashinsa." Shaidar mai aiki ta fi ta kowa nauyi, marubuciyar ma ta faɗi haka.

Ƙarshen ma haka. A fim, Lady Catherine, 'yar'uwar mahaifiyar Darcy mai adawa da auren, ta buga wa mutane ƙofa da tsakar dare, abin da a littafi da safe ta yi. Sai asuba ta yi, Darcy ya taho cikin hazo riga a buɗe, suka haɗa goshi rana na fitowa. Wanda aka nuna a Amurka ma har ƙarin wani wurin sumba aka yi masa. A littafi tafiya kawai suke yi a kan hanya da rana, kuma ko amsar da ta ba shi da ya sake neman aurenta marubuciyar ba ta kawo mana kalma-kalma ba, ta ja labule. Abin da ta tsaya a kai shi ne hirar da ta biyo baya. Shi ya ce maganar da ta faɗa masa, cewa bai yi halin mutumin kirki ba, ta yi watanni tana cin sa. Ya ce shi kaɗai ne ɗa namiji, an koya masa gaskiya amma an bar shi da girman kai. Ya roƙe ta ta ƙona wasiƙar don akwai ɗaci a farkonta. Ita kuma ta ce ta daɗe tana jin kunyar abin da ta faɗa. Mutum biyu, kowa na rige-rigen ɗaukar laifi. Na shekara 19 da aure, kuma wannan hirar ce na gane a cikin labarin duka, fiye da ruwan sama da hazo.

Na san awa biyu da 'yan mintuna ba za su ɗauki babi 61 ba. Shirin da BBC ta yi a 1995 kashi shida ne, ya fi samun sarari, ya kuma ba wasiƙar haƙƙinta fiye da wannan. Amma ko a awa biyun, an sami lokacin nuna alade yana ratsa gida, an sami lokacin tsayar da Elizabeth a bakin dutse iska na kaɗa rigarta. Da an so, da an ba ta minti biyar ta zauna da takardar nan, ta ninke, ta buɗe, fuskarta ta sauya. Keira Knightley za ta iya.

Da muka dawo daga Chatsworth na sa wa 'yata alama a babi na 35 na ajiye mata a kan gado, ban ce komai ba. Bayan kwana biyu ina soya albasa ta shigo kicin da littafin a hannu, yatsanta a tsakiya. Ta ce, "Umma, ashe ita ma ta yi laifi? A fim ban ga haka ba." Na ce ta ci gaba. Ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Abba ya taɓa rubuto miki wasiƙa?"

Na ce guda goma sha ɗaya, suna cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe a ɗakin Hajiya a Kano. Ta ce idan mun je hutun Disamba tana so ta gani. Na ce za ta ga ambulan ɗin.