Wa zai rubuta sunan bazawarar?

Wani rahoto ya ce ƙara wa ƙananan hukumomi kuɗin tallafi zai rage talauci a gidaje, amma bai taɓo yadda ake zaɓen iyalan da za a bai wa tallafin ba, alhali a nan gizo ke saƙar. A Birazil, shirin Bolsa Família na 2003, mai tallafa wa iyalai matalauta da kuɗi, ya bar wa ƙananan hukumomi rajistar iyalai, gwamnatin tarayya kuma tana biya ta katin banki, galibi ga uwa, bisa sharaɗin karatun yara da rigakafi. Masu cewa a damƙa wa kansila komai, bazawarar da ke riƙe da marayu, ba ta san kowa a ofis ba, wa zai rubuta sunanta, kuma ina za ta kai kuka idan aka tsallake ta?