Kafin man Kolmani ya fara kwarara, mu waiwayi Ogoni

Jama'a, ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci kuma jagoran gwagwarmayar ƙabilar Ogoni, da mutum takwas a kurkukun Fatakwal, zamanin Janar Abacha. An zarge su da hannu a kisan wasu manyan Ogoni huɗu, kotun musamman ta soja ta yanke hukunci, ba damar ɗaukaka ƙara. Da yawanmu a Arewa mun ɗauka rigimar 'yan Kudu ce kan kuɗin mai. Ni ma haka na ɗauka, sai da na karanta abin da suke nema jikina ya yi sanyi.

Ogoni ƙaramar ƙabila ce a jihar Ribas, manoma da masunta. A 1990 suka kafa MOSOP, ƙungiyar fafutukar kare al'ummarsu, suka rubuta buƙatunsu: a ba su kaso daga arzikin da ake haƙa a ƙasarsu, a kare harshensu, a daina lalata musu gonaki da rafuka. Ranar 4 ga Janairu 1993 kimanin mutum 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, a shekarar kuma kamfanin mai na Shell ya dakatar da haƙar mai a can.

Gaskiyarsu ta fito a 2011, lokacin da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken da ta yi a ƙasar Ogoni, har da awon rijiyoyin garin Nisisioken Ogale. Ta tarar da sinadarin benzene, wanda ake samu a cikin mai kuma yake jawo ciwon daji, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Uwa ta zura guga, ta jawo ruwa yana warin fetur, da shi za ta dama wa yaro kunu, don ba ta da wani. Rahoton ya ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Mu ma mun ɗanɗana. Gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010.

Shi ya sa ranar da Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, yankin Alkaleri da Akko a iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamba 2022, na yi murna amma gabana na faɗuwa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ina roƙon matasan Alkaleri da Akko su nemi rahoton tasirin aikin ga muhalli, a fassara shi da Hausa da Fulatanci, a karanta a ƙofar hakimi. A kuma auna ruwan rijiyoyinsu tun yanzu, kowace unguwa ta adana takardar sakamakonta.