In ba ka iya sa sharaɗi ba, ka bar taɓa taswirar gonakin mutane

Abin da aka yi wa fayil ɗin gonakin bakin Gulbi a satin nan ba kuskure ba ne, ganganci ne, kuma duk wanda ke cikin gurup ɗin ya ga hoton da idonshi. Gonaki ƙalilan ne ke da matsala, waɗanda yara suka zagaya da GPS a hannu ɗigo ya yi yawa, wasu kuma iyakar ta harɗe ta ƙetare kanta. Sai gwani ya zo ya kunna simplify, wato umarnin da ke rage ɗigogin iyaka, a kan fayil ɗin GABA ƊAYA. Sannu injiniya, Allah ya ƙara basira.

Kuma ko awon bai duba ba. Fayil ɗin yana kan tsarin awon taswira na WGS 84, mai lamba 4326, lissafinshi digiri ne ba mita ba, shi kuma ya rubuta wa simplify awon 0.001 yana ganin ai ɗan abu ne kaɗan. A ƙasa wannan ya kai wajen mita 110. Gona mai rabin hekta, in murabba'i ce, kowane gefe bai wuce mita 71 ba. To me zai rage? Wasu sun koma kusurwa uku, wasu sun shige cikin burtali. Mu nan Maradi, a tsarin UTM mai lissafi da mita, yankin 32N muke, mai lamba 32632, Yamai ce ke 31N, a mayar da fayil 32N tukuna sannan a yi maganar mita.

Amma ni ba awon ne ya fi ƙona min rai ba. Da ya sa sharaɗi, da ko da awon banza ɓarnar ta tsaya a kan 'yan gonakin da ya nufa. Sharaɗi dai, sharaɗi. Ka ce wa kwamfuta: wadda ta lalace ki gyara, wadda take lafiya ki bar ta yadda take. Manhajojin aikin taswira duk sun iya: a PostGIS kalmar sharaɗi ta WHERE ce kawai da ST_IsValid mai duba lafiyar zane, sai ST_MakeValid mai gyara ya taɓa marasa lafiyar kaɗai. A GeoPandas is_valid zai ware maka su, a QGIS ma akwai Check validity da ke fitar da masu kyau daban, lalatattu daban, har ya nuna maka ɗigon da harɗewar take. Duk kyauta ne. Wane likita ne ke yi wa unguwa duka allura don yaro ɗaya na zazzaɓi?

Wai ai gyaran bai cutar da mai lafiya. Wa ya ce? Simplify ba ruwanshi da lafiya, duk abin da ka ba shi sai ya rage mishi ɗigo. Masu dabarar buffer na sifiri kuma, wato faɗaɗa iyaka da awon sifiri don ta gyaru, ku gwada a kan gonar da iyakarta ta harɗe kamar lamba 8, sau da yawa rabi ɗaya yake riƙewa ya watsar da ɗayan, ba ko sallama. Wai kuma lokaci ya ƙure, patron na jira. Layi ɗaya ne fa malam, shan shayinka ya fi shi daɗewa.

Maganar gaskiya, don Allah 'yan uwa, waɗannan zane-zanen ba ado ba ne. Tun dokar Code rural ta 1993 kwamitocin filaye ke aikin tantance iyakar gona da burtali, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya lokacin kaka in dabbobi suka shiga inda manomi ke cewa nashi ne. Ka ajiye kwafi kafin ka fara. Ka ƙirga nawa sharaɗin ya kama, in kana tsammanin goma ya kamo ɗari biyar ka tsaya. Bayan gyara ka gwada faɗin da da na yanzu, wadda ta canza sosai ka buɗe ta ka duba, don umarnin gyaran, make_valid, ma wani lokaci yana raba gona gida biyu.

Af, tunda na fara. Masu turo shapefile, taswirar nan mai fayiloli da yawa da ke tafiya tare, ta WhatsApp su turo .shp shi kaɗai, ba .dbf ba .shx ba .prj, sannan su kira ni da dare wai bai buɗe ba, me zan buɗe? Ku riƙa yin GeoPackage, fayil ɗaya ne tak, ko ku haɗa su a zip, megas ɗina ba na sadaka ba ne.